Wasan yaƙin bisa tebur: tambayoyin da mutanen Sakkwato ke yi mana da amsoshinsu

Tun da munka fara zama ranar Asabar bayan la'asar a zauren wani ɗan'uwanmu nan wajen Mabera, babu makon da wani ba zai leƙo ya gan mu mun duƙa bisa falanki da tef ɗin tela a hannu muna auna tazarar wasu 'yan sojojin roba ba, sai ya tsaya ya yi shiru, can kuma tambaya ta fara. Tambayoyin kusan guda ne kullum, na maimaita amsa har bakina ya gaji, shi ya sa nic ce bari in tara su wuri ɗaya.

Wai mi ne ne wanga wasa, dara ce ko lido?

Ba ko ɗaya, amma yana da jinin dukansu. Mutum biyu ne, kowa da rundunarshi ta 'yan ƙananan sojoji da ba su wuce tsawon gaɓar yatsa ba, a jera su bisa tebur da anka shirya awa filin daga, ga tudu ga gulbi ga kango ga ganuwa. Ba gidaje awa na dara ko lido, da tef ake auna tafiya, dakaru su yi inci 6, mahaya su fi haka. In an kai ga gwabzawa sai a jefa ƙwayar lido, wato dayis, a ga wa yas samu sa'a. Dabara ce ke kai ka inda za ka yi harbi, sa'a kuma ita ke cewa ko harbin ya ci.

Su wa sunka ƙirƙiro shi?

Sojoji, ba yara ba. A ƙasar Furusiya, wata tsohuwar masarautar Jamusawa, wani mai suna von Reisswitz ya kai ma sarkinsu teburin wasan yaƙi a 1812, ɗanshi da ke hafsan soja ya gyara dokokin a 1824 har rundunar ƙasar ta ɗauka tana koyar da hafsoshi da shi. Sunan shi Kriegsspiel, kuma da 'yan gutattakin ƙarfe masu kusurwa huɗu ake buga shi bisa taswira, ba siffar mutum ko ɗaya (ku riƙe wannan, za mu dawo kanshi). Bayan Furusiya ta lallasa Faransa a yaƙin 1870 zuwa 1871 sai sauran ƙasashe sunka fara tambaya wai mi mutanen ga ke yi cikin ɗaki.

Wanda yaf fitar da shi daga bariki zuwa falon gida shi ne marubucin Ingila H. G. Wells, da ɗan littafinshi Little Wars na 1913. Shigowar dodanni da bokaye kuma sai 1971, lokacin da Gary Gygax da Jeff Perren sunka fitar da Chainmail a Amurka da wani ɗan ƙari na tatsuniya a ƙarshe, daga nan Dungeons & Dragons ya biyo a 1974. Kamfanin Games Workshop an kafa shi a Landan a 1975, kuma abin dariya da allunan katako na wasanni sunka fara, har da na darar nan mai gurabu. Su ne sunka fitar da Warhammer a 1983 da Warhammer 40,000 a 1987, yanzu hedikwatarsu na birnin Notingham.

Mi ye bambancin na tatsuniya da na almarar kimiyya?

Na tatsuniya takobi ne da mashi da baka, ga bokaye ga dodanni ga macizai masu fiffike. Na almarar kimiyya kuma gaba anka tafi, kumbo, tankoki masu shawagi, manyan mutum-mutumin ƙarfe da matuƙi a ciki, halittun wasu duniyoyi. Warhammer 40,000 labarinshi wajen shekara dubu arba'in nan gaba ne, BattleTech na 1984 shi kuma na manyan ƙarafan nan ne masu tafiya da ƙafa biyu, bisa taswira mai gidaje masu kusurwa shida ake buga shi ba a buƙatar tef. A ɓangaren tatsuniya akwai Age of Sigmar na 2015, da Kings of War, da Frostgrave, da tsohon nan Hordes of the Things na 1991 wanda ni dai har gobe shi nike so. Dalili, bai damu da wane kamfani yay yi sojanka ba, ka ce wannan dodo ne wannan boka ne waɗannan mahaya ne, kowane rukuni da makin da doka ta yanka mashi, ka haɗa maki 24, shi ke nan an fara.

To mi ya kawo maganar ƙungiya? Ba sai mutum ya sayi kayanshi ya buga a gida ba?

Malam, da wa za ka buga? Nan ne wanga wasa yab bambanta da gem ɗin waya. Ka sayi runduna ka fente ta wata uku, in ba ka da abokin karawa ai ka tara kayan ado ne kawai. Kuma ba abokin karawa kaɗai ba, tebur ɗaya mai kyau yana cin wuri, gine-gine da tuddai suna cin lokaci, littafin dokoki yana da kauri da Turanci mai wuya, ba mai iya ɗauke duka shi kaɗai. Cikinmu akwai kafinta, shi yay yanka falankin. Akwai ɗalibin lissafi na jami'ar Ɗanfodiyo, shi ke raba gardamar sa'a da maki. Akwai tela, tef da ƙyallen shimfiɗa nashi ne. Akwai wanda bai taɓa cin wasa ba tun da munka fara amma in ya riƙe buroshi sai ka rantse sojan zai yi magana. Ni nawa aikin surutu ne da fassara.

Can ma inda abin yaf fito, ƙungiyoyi sunka raine shi kafin kamfanoni su gano akwai kuɗi ciki. Chainmail ɗin nan a cikin wata 'yar ƙungiyar 'yan wasa ta garin Lake Geneva anka gwada shi, an buga dokokinshi na farko a 'yar mujallar ƙungiya kafin ya zama littafi. A Ingila Tony Bath ya kafa Society of Ancients a 1965 don masu wasan yaƙin zamanin da, da mujallarsu Slingshot, kuma shi kanshi ya yi shekaru yana gudanar da wani dogon yaƙi a ƙagaggiyar duniya da abokanshi. Masu son tatsuniya da almarar kimiyya su ma sunka yi tasu, Society of Fantasy and Science Fiction Wargamers, mujallarsu Ragnarok, 'yan ƙungiya ne ke rubuta ta da kansu, wannan ya kawo doka da yaƙ ƙirƙiro wancan ya kawo labarin karawar da sunka yi. Babban bajekolin Salute da ake yi a Landan duk shekara ba kamfani ne ke shirya shi ba, wani kulob ne, South London Warlords.

Mu tamu ba ta kai nan ba, ko suna ba mu raɗa mata ba, majalisa ce awa kowace majalisar unguwa sai dai a maimakon gardamar Arsenal da Chelsea muna gardamar ko tanka na hango soja ta bayan kango. Amma aikin guda ne.

Ka nuna mani yadda ake bugawa, ban gane ba har yanzu.

Ga wata karawa da nig gani da idona. Ƙanenmu ɗaya yana da 'yan bindiga ashirin bayan ganuwar kwali, abokin karawarshi ya turo sojoji biyar masu sulke mai kauri ta tsakiyar fili, ba ko ɓuya. Yaron yana ta murna. Ya auna, suna cikin zangon harbi. Ya kwashi dayis ashirin cikin hannu biyu ya watsa cikin faranti, dokar ita ce duk wanda yan nuna 4 ko 5 ko 6 ya samu. Goma sha ɗaya sunka samu. Ya sake jefa sha ɗayan nan don a ga ko harsashin ya yi rauni, shida sunka wuce. Sai mai sulke ya ɗauki dayis shida, shi kuma 3 zuwa sama sulkenshi ya tare. Biyar sunka tare. Soja guda tak yaf faɗi, huɗun sunka iso ganuwa, abin da yab biyo baya ba daɗin faɗi.

Yaron ya ce an yi mashi asiri. Ɗan lissafinmu ya ja takarda ya nuna mashi: rabin ashirin goma, rabin goma biyar, kashi ɗaya cikin uku na biyar bai kai biyu ba. Wato abin da yas samu shi ne daidai abin da ya kamata ya sa rai. Tun ranar ya daina harbin masu sulke da ƙananan bindigogi, ya koma yana janye mutanenshi yana kame wuraren da ke ba da maki, don mafi yawan wasannin yanzu ba kisa ke ba da nasara ba, riƙe wuri ne.

Malam, ina matsayin wannan a addini? Ga dayis ga mutum-mutumi.

Wagga ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi, kuma ba za ni yi maku kwana-kwana ba. Mu ba malamai ba ne, ba mu ba da fatawa. Abin da duk wanda yay yi zaure a garin ga ya sani shi ne, akwai hadisi cikin Muwaɗɗa da kuma cikin Sahihu Muslim da ke hani ga wasan nardu, wanda da dayis ake yin shi, kuma Risala ta faɗa ƙarara cewa bai halatta a yi wasan nardu ko na shaɗaranji, wato chess, ba. Maganar sassaƙa siffar mai rai ita ma sananniya ce, haka sassaucin da anka yi ga 'yar tsanar yara. Waɗannan ba abin da za mu share da hannu ba ne don muna son wasa.

Abin da zan iya gaya maka shi ne yadda mutanenmu sunka yi bayan kowa ya je ya tambayi malaminshi. Wasu sun bar dayis baki ɗaya. Wasu sun koma ga wasan da alƙali ke yanke hukunci bisa dabara da yawan runduna, awa yadda hafsoshin Furusiya sunka koma yi daga baya da sunka gaji da lissafin dayis. Kan siffofi kuma akwai teburin da ba ka ganin fuska ko ɗaya, tankoki ne da kumbo da jirage, ko gutattakin katako da anka rubuta ma suna, "mahaya", "'yan baka", kuma wallahi wasan bai rage daɗi ba, asalinshi ma haka yake. Akwai kuma wanda yaz zo sau biyu, ya je ya yi tambaya, ya dawo ya ce shi zuciyarshi ba ta natsu ba ya bari. Ba wanda yay yi mashi dariya, har yau in mun haɗu a masallaci muna gaisawa.

Abu uku ne ba sassauci a wajenmu. Ba a sa kuɗi, ko na lemun kwalba, ranar da anka sa ya zama caca kuma mai zauren zai kore mu kafin ma mu kori kanmu. Ana kiran salla ana ajiye tef, ko da saura jifa ɗaya. Na uku, labaran wasu wasannin cike suke da gumaka da allolin ƙarya na ƙage, mu ba mu shigo da wannan cikin zaure, dokokin tafiya da harbi muke ɗauka mu bar masu tatsuniyarsu.

Nawa zan kashe?

In ka ce sai Warhammer na asali cikin kwalinshi, shirya aljihu. Da fam ko dala ake saye, dala kuwa ta daɗe da haura naira dubu, ga kuɗin jirgi ga na kwastan ga na wanda zai ɗauko maka daga Legas ko Kano. Cikakkiyar rundunar maki 2000 ba ta ɗalibi ba ce, gaskiya ko ma'aikaci sai ya yi tunani. Ni na taɓa yin oda ta hannun wani mai kawo kaya, wata biyu ina bin shi, da kwalin yaz zo an zauna kanshi a mota rabin masun da sojojin ke riƙe da su sun kakkarye.

Amma wa yac ce sai shi? Dokokin One Page Rules kyauta ne a intanet, akwai na kimiyya akwai na tatsuniya, kuma sun yarda ka sa duk sojan da kake da shi. Frostgrave na 2015 mutum goma kacal kake buƙata, boka da almajirinshi da 'yan rakiya takwas. Gaslands na 2017 da motocin wasan yara ake buga shi, irin waɗanda za ka tsinta a babbar kasuwa wajen masu kayan yara, ka manna masu 'yan ƙusoshi da waya ka shafa fenti kalar tsatsa. Akwai sojojin takarda da ake bugawa a shagon fotokofi a yanka a manna bisa kwali. Rundunata ta farko marafan lemu ce.

Wane girma ne sojojin da teburin?

Mafi yawa milimita 28 zuwa 32, akwai na 15 da na 6 ga masu son ganin runduna ta cika fili. Tebur na da ƙafa 6 ne da ƙafa 4, Warhammer 40,000 na yanzu inci 60 da 44, ƙananan wasanni ƙafa 3 da 3 ya isa. In ba tebur a shimfiɗa tabarma.

Fenti fa, da zafin garin ga?

Nan Sakkwato ke nuna halinta. Fentin ruwa ake amfani da shi, irin na masu zane, kuma littattafan koyarwa duka mutanen ƙasar sanyi sunka rubuta su. A watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, kafin ka ɗauke buroshi daga faranti zuwa jikin soja fentin ya bushe a baki. Maganin da munka samu: murfin roba, a shimfiɗa tsumma mai laima, a ɗora takardar da ake naɗe burodi ko kek a gasa, a ɗiga fentin bisa. Yana kai awa biyu bai daskare ba. Da asuba ko bayan isha'i ake aikin, ba da rana tsaka ba.

Lokacin hunturu kuma ƙura ce. Ka fente alkyabba ja ka bar ta a taga, da safe ta koma kalar bulo. A kife kwano a kai. Kada kuma ka bar kaya cikin but ɗin mota, wani namu ya bar akwatinshi daga azahar zuwa la'asar a bakin kasuwa, da yab buɗe masun sojojin duka sun lanƙwashe awa ƙaho, igwar tanka na kallon ƙasa. Wasu sun miƙe da ruwan zafi, wasu har yau a haka suke yaƙi.

Gine-gine da tuddai a ina kuke saye?

Saye? Farin kumfan da ke cikin kwalin firji shi ne dutse, kwalin taliya shi ne ganuwa, tsinken tsire shi ne shinge, rairayin gulbi da gam ɗin kafinta shi ne ƙasa. Mun taɓa gina birni guda da ƙofofi huɗu, da soraye da zanko, mako uku muna kai, munka fitar da shi tsakar gida ya sha iska. Akuyar gidan ta cinye ƙofar gabas da rabin fada. Yanzu kango ne, kuma ya fi kyau a wasa.

Mi zai hana ku yi da tarihinmu, ga Tabkin Kwatto ga Alƙalawa ga Giginya?

Mun tattauna wannan ba sau ɗaya ba. Kayan yaƙin ƙasar ga sun dace da tebur ƙwarai, barade masu lifidi da kwalkwali, 'yan sulke, 'yan baka da kibiya mai dafi, dakaru da garkuwar fata, birane masu ganuwa da gwalalo. Wanda ke son ya ga irinsu da ido ya leƙa gidan tarihi na Waziri Junaidu. Kuma duk mai son dabarar yaƙi zai so ya fahimci yadda 'yan baka sunka tsaya ma dawakin Gobir a Tabkin Kwatto a 1804.

Amma mun yanke cewa ba mu ɗora Shehu ko Abdullahi ko Bello bisa tebur a jefa masu dayis, haka wanda kakanninshi sunka faɗi a Alƙalawa a 1808 ko a Giginya a 1903 yana iya zama shi ne ke zaune gefenka. To a nan tatsuniya ta yi mana rana. Mukan ɗauki lifidin da ganuwar mu kai su ƙasar da babu ita, mu sa Dodo ya tare rijiya, Gizo ya zama ɗan leƙen asiri mai cin amanar kowane ɓangare, a yi birni mai ganuwar dutse irin ta Surame a sa mashi wani suna. Ba wanda ranshi zai ɓaci don an ci garin Dodo.

Ana fama da 'yan bindiga a gabashin jiha ku kuna wasan yaƙi?

Wani dattijo ya faɗa mani haka a fuska, kuma ban ga laifinshi ba. Cikinmu akwai wanda danginshi sunka baro ƙauyensu wajen Sabon Birni. Shi ya sa ba mu buga wani abu mai kama da abin da ke faruwa, ba babura ba ƙauye ba garkuwa da mutane. Wells ɗin nan da nif faɗa mai ƙin yaƙi ne, a ƙarshen littafinshi ya yi ta nuna cewa gara a yi na bisa tebur da a yi na gaske, shekara guda bayan nan yaƙin duniya na farko ya ɓarke. Ban ce wannan amsa ce da za ta gamsar da kowa ba. Dattijon dai bai gamsu ba.

Ba ni jin Turanci sosai.

Zo haka nan. Mun taƙaita dokokin da muke bugawa a takarda biyu da Hausa, kuma wasan farko wani zai zauna kusa da kai.

Yara da mata fa?

Yaro daga shekara goma yana iya kamawa, da sanin babanshi, kuma ba ranar makaranta ko lokacin islamiyya ba. Wuƙar yanka da sufa gulu babba ke riƙewa. Zauren namu na maza ne, amma kaya na shiga cikin gida, akwai wanda ƙannenshi mata ke buga nasu a tsakar gida, kuma rundunar da ta fi kowace kyan fenti a majalisar uwargidan wani ce taf fente ta, hannun lalle ba wasa ba.

Ba a faɗa?

Ana yi mana. Rabin inci kan tada jijiyar wuya. Dokarmu, a auna kafin a taɓa soja, dayis da yaf faɗi ƙasa ko yah hau kan wani a sake shi, in gardama ta wuce minti biyu wanda ba ya cikin wasan ya yanke kuma ba ɗaukaka ƙara sai an tashi. Sabon zuwa ba a lallasa shi a wasan farko, wanda yay yi haka shi ke sayen shayi.

Ina Arkilla ko Runjin Sambo ko ma Tambuwal, Mabera ta yi mani nisa. Ya zan fara tawa?

Nemi mutum ɗaya, ba goma ba. Ku zaɓi wasa guda ƙarami ku tsaya kanshi wata uku, don abin da ke kashe irin wagga majalisa shi ne kowa ya zo da nashi wasan ba mai buga na wani. Ku sa rana ɗaya da ba ta canzawa, ko mutum biyu sunka zo a buga. Ku haɗa runduna biyu ta aro da ke zaune cikin akwati don baƙo, kada a ce mashi sai ya saya. In za a yi karo-karo na fenti da gam a rubuta a littafi kowa ya gani, kuma tun farko a faɗi na wa ne falankin in an watse. Ku gaida mai unguwa ku gaya mashi abin da kuke yi kafin wani ya kai mashi labarin an ga samari da taswira suna maganar kai hari.

In kuma za ka leƙo wajenmu kafin nan, taho da tef in kana da shi, namu guda biyu ne kuma ɗaya lambobinshi sun goge daga inci 9 zuwa 14.